Gidan da Malam Yake Kira

Mu huɗu ne a falon ranar Lahadin nan. Ni, da Malam mijina a kan kujerarsa mai taya, da ɗanmu na fari wanda ya kawo mu Dubai, sai wani Alhaji ɗan Kano mai sayen kayan mota a Ras Al Khor yana aikawa Najeriya, wanda ya saba hawowa wurinmu cin tuwo duk zuwan da ya yi. Ranar ce ƙungiyar ƙwallon da Malam yake so take buga wasanta na ƙarshe a shekarar, kuma ranar ce ɗana ya ce zai yanke magana, ko mu koma Kaduna ko mu zauna a ci gaba da maganin ubansa.

Ciwon ya sami Malam a Kaduna yana zaune a dakalin ƙofar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya ɗauke. Mutumin da in ya fara labari sai an kira sallah yake tsayawa, ya koma sai ido. Ɗanmu yana aikin lantarki a Jebel Ali, a jikin injinan da ke ɗaga kwantena, ya yi ta fafutuka har ya samo mana biza. Matarsa da 'ya'yansa ya bari a Kaduna, don ɗakin ba zai ɗauke mu duka ba. Ya ba mu ɗakin, shi ya koma kwana a falo. Ban taɓa ce masa na gode ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, shi ma ya san haka abin yake.

Filat ɗin yana hawa na biyar a Al Ras, bayan shagunan kayan ƙamshi. Ɗaki ɗaya da falo, da kicin da mutum biyu ba sa gifta juna a ciki. Tagar falon rabi take buɗuwa. In na leƙa ba na ganin komai sai bayan wani gini da injinan sanyi suna ɗigar ruwa, da kawunan masu tura kura can ƙasa, buhunan citta da kanumfari a kanta. Yaron nan yana fita bayan asuba ya hau jirgin ƙasa, ba ya dawowa sai an yi magariba. Lahadi ma yawanci aiki yake tafiya.

Na fi shekara arba'in a gida ɗaya a Kaduna, ƙofata ba ta taɓa rufuwa da rana ba. Wannan ta shigo aron rariya, wannan ta kawo ƙarar 'yarta, wannan ba ta zo yin komai ba sai zama. Ina korarsu ma wani lokacin, don ban iya surutun banza ba. A nan ƙofa da kanta take rufewa, har da ƙara. Matar da ke ɗakin da ke kallon namu 'yar Indiya ce, in mun haɗu ta kaɗa kai in kaɗa kai. Aminiyata ta rasu ina nan. A saƙon murya na ji, a saƙon murya na yi gaisuwa, ina tsaye a kicin ina maimaitawa saboda yatsana yana sakin wurin da ake dannawa. Daga ranar ban ƙara sauraron saƙonnin unguwa da rana ba, sai in bari su taru.

Sau uku a mako wata 'yar Filifin take zuwa daga asibiti ta motsa wa Malam hannu da ƙafa. Ba ma jin yaren juna. Ta iya cewa shwaiya shwaiya, wato a hankali da Larabci, ni ma na koya, da shi muke komai. Ina tsaye a kanta duk lokacin da take aiki, don ban yarda a juya mini miji ba na gani ba. Amma gaskiya ta san aikinta. A wata na uku yatsun Malam na dama suka fara lanƙwasa a jikin cokali. Likita ya gaya wa ɗana in aka ɗore a haka akwai alamar hannun zai dawo, wataƙila har da baki, in kuma aka yanke to jikin zai koma ya sandare.

'Yar Filifin ɗin ce ta ce a nemo masa abin da yake so ya riƙa kallo. Yaron nan bai yi dogon tunani ba. Tun Malam yana saurayi, lokacin da Japanawa suka zo aikin matatar mai a Kaduna, ya yi wa ɗaya daga cikinsu direba. Wannan mutumin ne ya koya masa wani wasan ƙwallo na ƙasarsu, ya cusa masa son ƙungiyar garinsu, ya bar masa shuɗiyar hula da zai tafi. Shekara da shekaru Malam bai daina ba. Da waya ta zo, a majalisa ake barinsa shi kaɗai a gefe yana duba sakamako, abokansa suna ta tsokanarsa. Ni ban taɓa kallo ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na ɗauke shi cikin abubuwan da maza ke yi don kada su zauna a gida.

Sai yaron ya haɗa wa talabijin wata 'yar na'ura, ya nuna mini inda zan danna. Can ƙasarsu dare ne da fitilu, nan kuwa rana tsaka. Ina idar da azahar sai in tura kujerar Malam gaban talabijin, in ɗora masa hular, in danna, in tafi harkata.

Ban taɓa ganin wasan ɓata lokaci irinsa ba. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiyar fili yana juya ƙwallo a hannu, ya dubi nan, ya dubi can, ya girgiza kai, ya taɓa hula, sannan ya jefa. Wani yana jiransa da kulki. Bayan mai kulkin ga wani a tsugune, an rufe masa fuska da ƙarfe. Sauran suna warwatse suna shurin ƙasa. Manya da su, wasu ma na tabbata suna da iyali. Ƙungiyar Malam kuwa ko ni da ban san komai ba na gane ba ta da kirki a bana. Ba sai an karanta rubutu ba. Ka dubi fuskar dattijon da ke shugabantarsu yana zaune a rumfa ya harɗe hannu, ka dubi kujerun 'yan kallo.

Wata rana a tsakiyar zafi ina kicin ina tace kamu, na ji murya daga falo. Na ɗauka talabijin ce. Sai na sake ji, a dishe, da nauyi, amma Hausa ce.

"Gida."

Na fito da gasara a hannu. Malam ya karkato gaba a kujera, yawu yana bin gefen bakinsa, idonsa ya kawo ruwa. Wata huɗu rabona da jin muryarsa. Na durƙusa na ce, "Malam, gida kake so?" Bai dube ni ba. Na goge masa baki da gefen zanena. Ban nemi wata fassara ba, don abin da yake cikina ke nan tun ranar da muka sauka.

Da yaron ya dawo ko takalmi ban bari ya cire ba. Na ce, "Kai, ubanka ya yi magana."

Ya tsaya da jaka a kafaɗa. "Me ya ce, Mama?"

"Gida ya ce. Sau biyu."

Ya je ya tsuguna gaban uban, ya yi ta lallashi, Baba ka sake faɗa, Baba ni ne. Malam ya ci gaba da kallon bango. Yaron ya tashi ya ce mini ai wannan albishir ne, baki ya fara buɗewa, maganin yana aiki, yanzu ne ma bai kamata a motsa ba. Na ce ni ban san wannan ba. Abin da na sani, tsoho ba ya kiran gida a banza.

Daga nan na sa shi a gaba. Ba na ɗaga murya, ban taɓa yi ba. Sai in bari ya zauna cin abinci, in ce, "Yau ma ya faɗa." Wata rana na ce masa, "Uban da ya haife ka ya buɗe baki bayan wata huɗu ya roƙe ka abu guda. In ya mutu a nan a wane rami za ka sa shi, wa zai yi masa sallah, masu tura kura?" Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya wanke hannu, ya fita. Na ga yana ramewa. Na gani sarai, ban sassauta ba.

Don kada maganar ta wuce ni ina kicin, sai na fara zama tare da Malam lokacin wasan. Na kawo tabarma gefen kujerarsa. Duk sanda ya faɗi kalmar sai in jefa ƙwallon dabino a cikin wani ɗan kwano, don in yaron ya tambaya sau nawa in nuna masa. Kwanon bai cika da wuri ba. Wata rana sau ɗaya, wata rana ko ɗaya babu, wani lokacin kwana uku a jere shiru.

Ni mutum ce mai lura, tun ina yarinya ake faɗa mini, ba kuma yabo ba ne. In abu yana faruwa sau ɗaya sau biyu sai na nemi abin da ke kawo shi. Na lura Malam ba ya faɗa da safe, ba ya faɗa da dare, ba ya faɗa in aka kira 'yan'uwansa a waya ya ga fuskarsu. Sai talabijin tana kunne. Sai na daina kallonsa na koma kallon abin da yake kallo.

A filin akwai fararen abubuwa uku kamar ƙananan matasan kai. In mai kulki ya sami ƙwallo sai ya yar da kulkin ya ruga zuwa na farko. In ɗan'uwansa ya sake samu ya matsa na biyu, daga nan na uku, daga nan ya dawo daidai inda ya fara, sai a yi ihu lamba ta canza a gefen allon. 'Yan ƙungiyar Malam kuwa sai su je matashi na farko su tsaya kamar masu jiran mota, har a fitar da 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya, su dawo rumfa suna kaɗe wando. Da wuya ɗayansu ya kai na uku. Ranar da na ga wani dogo mai shuɗiyar hula ya kai, ya tsaya yana rawar ƙafa, sai na ji kujerar Malam ta yi ƙara.

"Gida," in ji shi. "Gida."

Na riƙe ƙwallon dabinon ban jefa ba. Na jira washegari. Babu wanda ya kai na uku, Malam bai ce komai ba. Kwana biyu bayan nan wani gajere ya kai, Malam ya faɗa.

A nan wani abu ya dawo mini wanda na manta shekaru. Yaron nan yana ƙarami, Malam ya taɓa kwashe takalman gidan ya jera huɗu a tsakar gida yana koya masa wasan. Ya taka ɗaya ya ce, "Wannan shi ake kira gida. Daga nan kake tashi, nan kake dawowa, sai ka taka shi ake ƙirga maka." Ina wanki a lokacin. Abin da na ce kawai shi ne a mayar mini da takalmina inda aka ɗauko.

Ban yarda da kaina ba sai da na gwada. Da safe bayan na yi masa wanka, talabijin a kashe, na zauna daidai fuskarsa na ce, "Malam, mu koma Kaduna?" Ya dube ni ya daɗe. Na ce, "In kana so ka matse hannuna." Yatsunsa suna cikin tafina, ba su matse ba, ba su kuma saki ba. Can sai ya rufe ido. Ban san ko gajiya ce ko amsa ba.

Mako biyu na yi da wannan sanin, ban gaya wa kowa ba. Ban yi ƙarya da bakina ba, in yaron ya ce, "Ya faɗa yau?" sai in ce ya faɗa, kuma ya faɗa ɗin. Na gaya wa kaina ai wa ya sani, wataƙila duka biyun yake nufi. Na gaya wa kaina a Kaduna ma akwai masu gashin ƙashi da masu addu'a. 'Yar Filifin ɗin tana zuwa tana nuna mini yadda babban yatsansa ya fara tashi, tana murmushi, ni ina kallon ƙasa.

Abin da ban zata ba shi ne wasan ya kama ni. Ba so ba, haushi. Na san su ɗaya bayan ɗaya ta tafiyarsu. Dogon nan mai cizon leɓe, gajeren da ba ya iya gudu, mai jifan da in aka doke masa ƙwallo sai ya cire hula ya leƙa cikinta kamar an ajiye masa wani abu. In ɗayansu ya tsaya a na biyu sai in ji ina cewa a raina, matsa mana, ɗan banza, matsa. Ba don su ci ba. Muryar mijina tana wurin matashi na uku, su kuma sun kasa kai mini. Kullum kujerun suna ƙara zama wayam. Akwai wata tsohuwa da ake yawan nunawa, tana zaune ita kaɗai a layinta da tawul a wuya da ɗan kwanon abinci a cinya. Ko an ci su da yawa ba ta tashi sai an gama. Ina nemanta duk rana. Ranar da ba a nuna ta ba sai da na yi tunanin ko lafiya.

To, ranar Lahadin da na fara faɗa. Yaron ya ƙi karɓar aiki, ya ce zai zauna ya ji da kunnensa. Alhaji ya iso bayan azahar yana haki, don injin hawa bene ya tsaya, da ledar kuka da daddawa da wani ya kawo masa daga Kano. Na zuba musu tuwo. Na tura Malam gaban talabijin kamar kullum.

Alhaji ya kalla kaɗan yana cin tuwo, ya ce, "Baba, yanzu don Allah an fara ne ko jira ake?"

Ɗana ya ce, "An yi nisa ma."

"To wallahi ni na ɗauka layin karɓar kargo ne. Kowa a tsaye, babu mai motsi." Ya juyo wurina. "Hajiya, ke ma na ga kin kafa ido. Ko kin yanki katin ƙungiya?"

Na ce, "Ci tuwonka, Alhaji, miyar tana sanyi."

"Su waye namu? Masu shuɗi? Ai daga ganin wancan mai tumbin ka san ba za a je ko'ina ba. Baba, da ka sauya sheƙa tun da wuri."

Malam bai san yana yi ba. Alhaji ya wanke hannu, ya gyara zama ya dawo kan abin da ya kawo shi. Ya ce ranar Alhamis zai tashi, ya gama loda kayansa, in tafiyar ta tabbata shi zai riƙe mu har Kano, ƙaninsa ya kai mu Kaduna a mota. "Kai ka zauna kan aikinka, habibi. Ni da Baba da Hajiya, khalas, shi ke nan. Magana ɗaya nake jira."

Yaron ya ce, "Bari mu gani, Alhaji."

Wasan ya ja har bayan la'asar. Suka yi sallah a falon suka dawo. Malam bai ce uffan ba, don babu wanda ya wuce matashi na biyu. Ina zaune ina lissafi, in aka tashi a haka yaron zai ce bai ji komai ba, a zauna. Ban san wanne nake roƙo ba. An nuna tsohuwar nan sau ɗaya, ta naɗe tawul ɗinta a hannu.

A zagaye na ƙarshe ana gabansu da ɗaya. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi. Dogon nan yana matashi na farko. Sai gajeren ya doki ƙwallo ta ratsa tsakanin mutum biyu ta gangara can nesa. Dogon ya wuce na biyu, ya nufi na uku. Na san abin da ke zuwa. Abin dannawar yana kusa da gwiwata. Ban taɓa shi ba.

Kujerar ta yi ƙara.

"Gida."

Yaron ya zabura. Ya faɗo a gwiwa gaban ubansa, ya juya wa talabijin baya. "Baba? Me ka ce, Baba?"

Malam yana leƙe ta saman kafaɗarsa, yana ƙoƙarin kauce masa da kai. Wani mutum a gefen matashi na uku ya ɗaga hannu biyu ya tsayar da dogon.

"Gida," in ji Malam da ƙarfin da ban taɓa ji ba tun ciwon. Har hannun daman ya ɗago daga kan cinyarsa. "Gida. Gida."

Alhaji ya ce, "Allahu akbar. To ka ji."

Yaron ya kifa goshi a gwiwar uban, kafaɗunsa suna rawa. Rabon da in ga kukansa tun yana makarantar firamare. Ya ce, "Na ji, Baba. Na ji. Ka yafe mini, za a kai ka." Ya ɗago ya dube ni da jan ido. "Mama, ki yi haƙuri. Na ɗauka ƙari kike yi."

Na mayar da idona kan talabijin. A bayansa mai kulki na ƙarshe ya kai duka sau uku bai sami komai ba. Dogon ya cire hular kwanonsa a inda yake tsaye, ya taka a hankali ya bar filin. Daga nan dukkansu suka fito suka yi layi, suka rusuna wa 'yan kallon da suka rage, suka daɗe a rusune. Malam ya koma ya jingina. Hannun ya sauka.

Alhaji ya miƙe yana gyara hula. "Yalla, gobe ka turo mini hoton fasfo ɗinsu. Hajiya, ki fara haɗa kaya, kada ki cika mini jaka da tukwane." Ya dafa kafaɗar Malam. "Baba, an ci ku, amma ka ci gida." Ya yi dariya shi kaɗai ya fita.

Yaron ya yi ta waya har dare, da matarsa, da ƙannensa, a share ɗakin Baba, a gyara famfo. Ina jin muryar matar ta cikin wayar, ta kasa ɓoye murna, don in mun tafi ita za ta zo. Na wanke kwanuka na sake wanke su. Babu wanda zai taɓa sani. Shi da kansa ya ji, ga shaida, wasan kuma ya ƙare sai baɗi.

Washegari bayan asuba yana zaune bakin kujera yana ɗaure igiyar takalmin aikinsa. Na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Kai, kada ka tura wa Alhaji komai."

Ya ɗago.

"Gidan da ubanka yake kira ba namu ba ne. Na cikin wasan ne. Wurin da mai gudu yake komawa ya taka. In nasu ya kai na uku yake faɗa, in bai kai ba ba ya faɗa. Jiya da ka juya baya, da wancan dogon yake."

Ya tsaya da igiyar a hannunsa. Na ga yana komawa baya yana haɗawa. Ya ce a hankali, "Haka ake kiransa kuwa. Ko da Turanci haka ne." Sai ya dube ni. "Tun yaushe kika gane, Mama?"

"Mako biyu."

Na tsaya ya kalle ni iya son ransa. Ban sunkuyar da kai ba, ban kuma ba da dalili ba.

Ya ce, "To shi me yake so?"

"Ban sani ba. Na tambaye shi bai amsa ba. Sai bakin ya dawo ya faɗa da kansa."

"Ke fa?"

"Ni ba ni ce mara lafiya ba."

Ya ƙarasa ɗaure takalmin, ya daɗe a kan ƙulli ɗaya. Ya ce zai kira matarsa in ya isa wurin aiki. Na ce a'a, ya bar mini ita, ni na ja, ni zan gaya mata. Sannan na tambaye shi ko na'urar nan tana ajiye wasannin da suka wuce, tunda an ce sai bayan wata shida za a sake. Ya ce tana ajiyewa. Ya ɗauko ya nuna mini, nan za ki danna, sannan nan, ki gangara ƙasa. Na sa ya maimaita sau uku.

"Amma yawancinsu cinye su aka yi, Mama."

Na ce, "Ai ina wurin."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Na ɗora ruwan wankan Malam. Kafin ya yi zafi na zauna a kan buhun shinkafa a kicin, na nemo hoton surukata a waya, na danna na riƙe da ƙarfi, na fara da gaishe ta da yara.